Taki Huɗu Daga Gindin Lemo

…kuma ta yi kuka. Alhamdu lillahi, ta yi kuka. Ƴar na'urar nan mai ruwan ɗorawa da Malam Amadu ke lilo da ita a kan ƙasa, kamar mai shara ba tsintsiya — tsiii, tsiii — daidai tsakiyar da'irar tokar da Huzaifa ya zana. Tsakiya fa. Ba gefe ba. Inda ya yi niyyar sauke digar farko.

Bari in zauna… ai a zaune nake. To me ya sa ƙasa ke tafiya da ni?

Sumana, kana gani? Dubi, har sunanka nake kamawa yanzu. Shekara talatin da huɗu ban taɓa furta shi ba — Maigida, Malam, “shi” — sai da aka kai ka makwancinka bara waccan bakina ya buɗe. A cikin kaina dai, ba gaban mutane ba. Sumana. Ɗanka yana nan da ransa. Ga shi can tsaye, hannu a ƙugu, ƙafa ba takalmi, yana hararar ƙasa kamar ita ta yi masa laifi. Bai ma gama sanin abin da ya tsallake ba. Ni na sani, kuma sanyin da ke sauka a ƙirjina yanzu ban ji irinsa ba tun ranar da na haife shi.

Rami ne kawai. Ramin ruwan wanka. Tsohon ya cika, damina ta kawo kai, ruwan farko ya sauka ran Lahadi, kwatar gidanmu ta fara leƙa titi, matan unguwar nan tamu ta Bukoki kuma ka san su — gaisuwa a gabanka, toshe hanci a bayanka. Sai Huzaifa ya ce shi zai haƙa sabo da kansa. Tela fa. Hannun da bai san komai ba sai almakashi da keken ɗinki a shagonsa na Maurey, yau shi ne mahaƙi. Jiya ya mirgine jantin nan, tsohon ƙarfen ƙafar kamyo, babbar motar kaya, da ka dasa mana a tsakar gida, wanda na yi shekaru ina tuntuɓe da shi ina mita, ya jingine shi a katanga don ya sami fili. Har na ji daɗi, Allah ya sani. Ya zana da'irarsa da toka. Ya ɗauko digarka, wadda ƙotarta ta karye ka sa aka yi mata walda da bututun ƙarfe ka ce wannan sai ta ga jikokinmu. Ƙarfe tun daga baki har hannu. Ƙasa jiƙe. Ƙafa tsirara. Da bakin digar ya sami… a'a. A'a, ba zan ƙarasa ba.

Na ga irinta ai. Mahaƙin nan na layin bayanmu, shekarun baya, uban yara uku. Da aka zo, hannunsa na manne da diga, sai da aka kashe kuran, wutar lantarkin gidan, kafin a iya taɓa shi. Matarsa ta iso da ƙwaryar furarsa a hannu.

“Inna, mi ne ne abin tsoro? Wayar kuran tana gindin lemo, haka Baba ya bari. Ga lemo can, ga ni nan.” Haka ya ce min yana murmushi, murmushinka sak. Kuma ina laifinsa? Kowa a gidan nan da wannan karatun ya tashi: ba a haƙa gindin lemo. Kafin su iya Fatiha sun iya wannan. Kaza ma in ta yi tono a wurin sai ka bi ta da takalmi. Wayar ta fito daga kontar, mitar wutar da ke bakin ƙofa, ta nutse a ƙasa, ta ratsa tsakar gida, ta shiga ɗakin baya inda firigo, injin ƙanƙara, yake. Kai ka haƙa mata hanya da hannunka, kai ka binne ta, kai ka dasa ɗan lemo a kanta don ya zama shaida. Sauran hanyarta duk siminti ya rufe daga baya, ɗan filin nan na ƙasa ne kawai ya rage. Shi ke nan, kowa ya haddace: nesa da lemo, lafiya lau.

Sai dai lemon ba a wurinsa yake ba.

Ni na matsar da shi. Ni, Madina. Shekara ashirin da bakwai ke nan, kuma babu mai rai da ya sani.

Taki huɗu… ko biyar ne? Abin da ya hana ni cin abinci tun jiya ke nan. A lokacin na ɗauka zan riƙe wurin a kaina har in mutu — wa ke manta irin wannan? Amma an gina ɗakin yara, an tashi garken awaki, an matsar da randa, an ƙara wa katanga tsawo, tsakar gida ta juye min kamar zanen da aka ɗaura a baibai. Ina kallon tokar Huzaifa ina auna taki da ido. Huɗu daga lemo… nan ne? Ko can gaba, wajen igiyar shanya? Zuciya na cewa nan ne, kai na cewa tsufa ne kawai, Madina, je ki kwanta.

Da numfashi ɗaya zan iya gama maganar. Huzaifa, kar ka haƙa nan, lemon ba a kan waya yake ba. Sai ya ce don me. Sai in ce ni na matsar. Sai ya sake cewa don me. Wannan “don me” ta biyun… ita ce ba ni da ƙirjin ɗauka. Sai na zagaya. Na ce ni dai a kira mai na'ura. Na taɓa jin ana cewa akwai wani Malam Amadu a Gaweye, ya yi aiki da masu shimfiɗa titi, yana da abin da ke jin waya a ƙarƙashin ƙasa. Huzaifa ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai Inna ta zama injiniya. Bar shi ya yi, ni dai na kafe sai da ya buga masa waya.

Kuma dubi ikon Allah — mutumin na shigowa da safe, yana gaisuwa, fofo, fofo, yana cire takalmi, aka ɗauke kuran. Fanka ta tsaya cak. Ya ce, “Hajiya, wayar da ba kuran a cikinta ba ta magana. Sai mu jira.” Ɗanka mai basira kuma ya ce to tunda babu kuran ai yanzu ne lokacin haƙa. Ka ji? Sai ka ce kuran na aiko da sallama kafin ya dawo. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga diga…

Ban san lokacin da na jawo turmi ba. Na kife shi a tsakiyar tokar, na hau na zauna, tiren zogale a cinya. Na ce in za ka haƙa, ta kaina za ka fara. Awa biyu, Sumana. Awa biyu cikin ranar Yamai, ni da ciwon gwiwata, ina tsinkar zogale kamar abin da ya kawo ni duniya ke nan. Maƙwabta na leƙe ta katanga. Gobe duk layin zai ce Hajiya Madina ta zare. Su ce. Malam Amadu ya sha ruwa kofi uku, ya kalli sama, ya kalli agogo. Huzaifa ya yi fushi, ya huce, ya sake yi. Ni kuwa ina zaune a kan abin da nake tsoro, ina jin kamar yana motsi a ƙarƙashina.

Ƙamshin ƙasa jiƙe… irin wannan ne ranar. Damina ce ita ma. Kana Kwatano, kamyo ya maƙale a tashar jiragen ruwa, wata uku ba kai sai saƙon baki daga direbobi. Kuma ka tafi ba ka sani ba. Ban faɗa maka ba. Juna biyu gare ni, wata biyu ne lokacin, ban tabbata ba, ga kunya… shekara shida muna jira tun bayan babbar ƴarmu, shekara shida ina ganin yadda kake kallon jariran maƙwabta sai ka kau da kai. Na ce bari ya dawo ya gani da idonsa, ba sai na yi magana ba, ɗaurin zane zai gaya masa. Har na shirya yadda zan tsaya a bakin ƙofa.

Ka ce kar in riƙa ɗaukar kular ƙanƙara a ka, saboda bayana, in jira mai kurar ɗaukar kaya. Ka faɗa sau nawa? Amma firigo sabo, ƙanƙara na fita, masu saye na jira a bakin kasuwa, mai kura ba ya zuwa da wuri… Na ɗauka. Sau ɗaya. Sau biyu. Kullum. Ran nan da hantsi ina sauke ta a ƙofar gida na ji wani abu ya tsinke a marata, kamar zaren da aka fizga.

Delu. Allah ya jiƙan Delu, tsohuwar gidan kusa, ita ta karɓi haihuwar rabin yaran layin nan. Ita kaɗai ta sani. Ta ce kar ki duba. Na duba. Wata biyar — yana da yatsu, Sumana. Ƙanana, cikakku, goma. Namiji ne. Ta naɗe shi a farin kallabina, ta yi abin da ake yi, muka haƙa jikin katangar gabas bayan azahar, inda ƙafa ba ta bi. Ta ce ki ɗora dutse saboda awaki. Dutse? Dutse yau yana nan, gobe wata ta ɗauke ta yi murhu da shi, jibi wani ya zo da fartanya zai shuka kuɓewa. A duk gidan nan abu ɗaya ne aka hana taɓawa. Ba zan iya kai shi gindin lemo ba, akwai waya. Sai na kai masa lemon.

Iya gwiwa yake lokacin. Da ludayin miya na tono shi, da ludayi da yatsuna, jini bai ma gama tsaya min ba, kuma a kan wayar kuran ɗin kanta nake durƙushe — dubi wauta. Na ɗauke shi da ƙasarsa, taki huɗu, na dasa a kan yaron. Na cike ramin farko, na baza yashi, na share. Delu ta kalle ni, ta kalli lemon, ta ɗauki sandarta ta tafi.

Ka dawo da tsaraba, turmin zane da sabulu mai ƙamshi. Ta yaya zan haɗa maka albishir da ta'aziyya a baki ɗaya? In kuma ƙara da cewa ni na jawo, da kular da ka hana ni? Na ce gobe. Gobe, gobe, har goben ta zama Huzaifa bayan shekara biyu, ka yi murnar da ban taɓa ganin ka yi ba, na ce to ai an wuce wurin. An wuce… Na sace wa waya mai gadinta na ba ɗana. Na bar ta a tsakar gida ba shaida, yara na wasan ƙasa a kanta, suna haƙa ramin dara da cokali. Wace irin uwa ce ke tsare wanda ya tafi ta bar masu rai? Na tambayi kaina wannan a kan turmi yau, har zogalen ya ƙare ina tsinkar kara.

Sai fanka ta motsa. Can cikin ɗaki, ƙirr… ƙirr… Yaran layi suka sa ihun an kawo. Malam Amadu ya miƙe, ya ce a kunna firigo, a kunna duk abin da ke ɗakin baya, waya ta ɗauki kaya sosai don ta yi magana da ƙarfi. Na sauka daga turmi da ƙyar, ƙafa ta mutu. Ya fara daga bakin kontar, a hankali, dama, hagu, dama, hagu. Ina addu'a — ban ma san me nake roƙo ba. Ta yi kuka a nan, in tabbata ni na kusa kashe ɗana? Ko ta yi shiru, in zama mahaukaciyar Bukoki a banza? Ya sa ƙafa cikin tokar…

Tsiii.

Ya Allah. Ya Allah, na gode. Ban cancanta ba, amma na gode.

Huzaifa ya saki digar. Ta faɗi a kan siminti ta yi ƙara, ƙarar da ta fi min kowane kiɗa daɗi. Malam Amadu ya ce zurfinta bai kai kamu uku ba, sara biyu ko uku da an same ta. Sara biyu. Ɗanka ya kalle ni, fuskarsa ta yi fari kamar tokar da ya zuba, ya ce, “Inna, yaya aka yi kika sani?” Na ce zuciyar uwa ce. Ƙarya mai sauƙin haɗiya. Ya karɓa, har ya zo ya durƙusa ya riƙe gwiwata. Tafin hannunsa da ɗumi. Da ɗumi, Sumana…

Yanzu ga mutumin can yana bin hanyar wayar da jan fenti, fsss, fsss, ɗigo-ɗigo daga ƙofa har ɗakin baya. Ta fito fili. Kowa na gani. Ba sauran wanda zai taka ta da diga, ba yau ba, ba bayan raina ba. An sauke min. Kuma ban buɗe baki ba, na'ura ta yi min maganar, ta faɗi rabin da ake bukata ta bar min rabina. Zan iya shan ruwa yanzu. Zan ma iya cin tuwon jiya, yunwa nake ji, yunwa ta gaske, rabona da jin ta…

Ina kuma zai je? Me ya kai shi wajen lemo?

Dama, hagu. Dama, hagu. Ya zagaya gindin. Ya sake zagayawa. Shiru. Ai dole shiru.

“Hajiya, nan babu komai. Ko ƙusa babu. In ni ne, nan zan yi ramin. A sare lemon, ai ya tsufa.”

Babu komai. Ji min mutumin nan. Na'urarsa ba ta jin abin da ba kuran a jikinsa, ina za ta ji… Kallabina ma ya zama ƙasa tuni. Babu komai, in ji shi, kuma yana murmushi, yana ganin alheri ya yi min.

Huzaifa na kaɗa kai. “Ashe Baba kuskure ya yi duk shekarun nan.”

Kuskure. Kai? A'a, wannan ba zan haɗiye ba. Mutumin da ya san kowane ramin titi tsakanin Doso da Gaya ido rufe. Mutumin da in na matsar da butarsa kamu ɗaya sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa ya taɓa. Ka ji ƙarar inji daga nesa ka ce wannan motar wane ce, kuma ga abin da ke damunta. Kai ka haƙa hanyar wayar nan, kai ka dasa lemon, ka san takinsa daga ƙofa… Taki huɗu, Sumana. Taki huɗu cur, kuma ba ka gani ba? Shekara ashirin da bakwai ina gaya wa kaina gajiyar hanya ce ta rufe maka ido.

Tsaya.

Jan fentin… inda ya yi babban gicciye, inda ta fi kuka. Cikin da'irar toka akwai wata da'irar. Ƙarama. Ƙasar wurin baƙa, ta lotsa, tururuwa na ta kwashe ƙwai. Shatin janti. Inda ya zauna har jiya. Gicciyen na tsakiyarsa, kamar da igiya aka auna.

Yaushe jantin nan ya shigo gidan nan?

Ka dawo daga Kwatano, jaka na kafaɗarka, ka tsaya a tsakar gida. Ka daɗe a tsaye. Ka kalli lemo. Ka kalli ƙasa. Ka kalle ni — na rame, zane ya yi min yawa. Ka ce a ba ka ruwa. Shi ke nan abin da ka ce. Washegari da safe ka mirgino shi daga gareji, kana haki, ka kife shi a nan. Na ce wannan ƙazamin ƙarfen fa? Ka ce bar shi, yana da aiki.

Yana da aiki…

Kullum bayan la'asar a kansa kake zama da shayinka, in kana gari. Ga kujera, ga tabarma, ga inuwar zaure, a'a, sai janti. Fuskarka wajen lemo. Na ɗauka gabas kake kallo. Kai ke ba lemon ruwa da rani, da sauran ruwan alwalarka, kana motsa baki. Kuma “ba a haƙa gindin lemo” — bayan shekarar nan ka taɓa ƙarasawa da “akwai waya”? Bari in tuna… A'a. Kai a nan kake tsayawa. Ni ce ke ƙarasa maka. Ni ce na koya wa yara sauran.

A gidan likita, da rana tsaka, kwana biyu kafin ka cika, ka kama hannuna ka ce janti, Madina, kar su ɗaga janti. Na ce to, to, kwanta. Na gaya wa yara zafin ciwo ne, Baba na tunanin mota. Kuma jiya ina tsaye aka mirgine shi, har ina jin daɗi.

Delu ce ta gaya maka? Ko kai ka karanta a jikina, yadda kake karanta hanya? Ka zauna a kan wayar da na bari tsirara, ka bar min lemona, ka tsare wannan ka tsare wancan, kuma ko sau ɗaya ba ka ce don me ba. Jira kake in faɗa da bakina? Ko kai ma kunyar ce… Mu biyu a gado ɗaya, kowa na rufa wa ɗan'uwansa abu ɗaya. Ashe ba ni kaɗai nake ɗauke da shi ba. Ashe yaron nan ya san ubansa, ubansa ya san shi. Ya kamata in ji haushinka, kuma sauƙi nake ji, sauƙi har cikin ƙashi, ga hawaye na zuba cikin zogale.

Huzaifa ya fito daga madafa da gatari. Yana gwada kaifinsa da babban yatsa. Ya tsaya ƙarƙashin lemon, ganye na taɓa kansa, ƙafarsa daidai kan… daidai kan yayansa.

“Inna, a sare?”

Yana jira. Malam Amadu na naɗe kayansa, shi ma yana jira. Babu wata na'urar da za ta yi min wannan kukan. Bakina a buɗe yake, iska na shiga, na gaji, na gaji ƙwarai… Sumana, daga ina zan fara masa? Daga kular ƙanƙara, ko daga yatsun?